Monmouthshire: a Wales take ko a Ingila, kuma wa ke mulkinta yau?

Wani ɗan'uwa da ke karatu a birnin Newport, a kudancin Wales, ya aiko da tambaya. Ya ce a tsofaffin takardu yana ganin an haɗa sunan Newport da Monmouthshire, motocin 'yan sanda kuwa Gwent ne rubuce a jikinsu, takardar harajin gida daga majalisar birnin Newport take zuwa, ga kuma wani dattijo maƙwabcinsu da ya rantse cewa lokacin da aka haife shi garin a Ingila yake. Ya ce a fayyace masa: ina ne Monmouthshire ɗin, kuma wa ke da iko da ita?

To ɗan'uwa, a Wales kake zaune, doka ta rufe wannan bakin tun ranar 1 ga Afrilun 1974. Amma kada ka yi wa dattijon nan gardama da yawa, yana da abin kamawa. Abin da ya ruɗa ka shi ne Monmouthshire biyu ce. Akwai tsohon lardi, ɗaya daga cikin larduna 13 na tarihi na Wales, wanda aka kafa a 1536 aka rushe mulkinsa a 1974, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,400, kuma Newport tana cikinsa. Akwai kuma ƙaramar hukumar da aka ƙirƙira a 1996 aka ba ta tsohon sunan, faɗinta wajen murabba'in kilomita 850, kuma Newport ba ta cikinta. Ka tuna yadda tsohon Lardin Sakkwato ya rufe ƙasar da yau ta zama jihohin Sakkwato da Zamfara da mafi yawan Kebbi, amma guda ɗaya ce ta gaji sunan. Haka nan lamarin yake.

Bari mu fara da ƙasar kanta, domin a ganina wanda bai gane shimfiɗarta ba ba zai gane dalilin da ya sa aka yi ta yanka ta ana ɗinkewa ba.

Ruwa ne ya shata mafi yawan iyakokin tsohon lardin. Daga gabas kogin Wye da reshensa Monnow sun raba shi da lardunan Gloucestershire da Herefordshire na Ingila. Daga yamma kogin Rhymney ya raba shi da Glamorgan, inda Cardiff take. Daga kudu bakin kogin Severn ne, wanda ya buɗe ya zama teku. Daga arewa kuma duwatsu ne, da tsohon lardin Brecknockshire a bayansu. Ƙololuwar lardin, Chwarel y Fan, tana can a ƙuryar arewa, tsayinta mita 679. Kogin Usk ya ratsa ta tsakiya, ya shigo ta wajen Abergavenny, ya wuce garin Usk da Caerleon, ya faɗa teku a Newport, ƙarƙashin gadar nan ta 1906 mai ɗaukar motoci a cikin keji tana tsallakar da su.

Idan ka ja layi daga dutsen Blorenge da ke kan Abergavenny, ka bi ta Pontypool, ka gangaro zuwa wajen Risca, ka raba lardin gida biyu da ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Gabas da layin jar ƙasa ce mai albarka, tuddai marasa tsayi, makiyayar shanu da tumaki, gonakin alkama da sha'ir, da ƙananan garuruwan kasuwa irin su Monmouth da Chepstow da Usk da Abergavenny. Yamma da layin kuwa kwal ne a ƙarƙashin ƙasa, ga kwaruruka masu zurfi da ƙunci, Rhymney da Sirhowy da Ebbw biyu da Afon Lwyd, kowanne ya taso daga arewa ya gangara kudu, da doron dutse tsakaninsa da ɗan'uwansa. Mutumin Tredegar da na Ebbw Vale kusa suke a taswira, amma a da sai an hau tudu an sauka kafin a gaisa. Hanya mafi sauƙi ita ce bin kwarin zuwa ƙasa, kuma yawancinsu a Newport suke tuƙewa. Abin da ya gina Newport ke nan: ƙarfe da kwal suna gangarowa, da farko ta magudanar jiragen ruwa da aka haƙa a shekarun 1790, daga baya ta jirgin ƙasa, ana lodinsu a tashar jiragen ruwa.

A kawunan kwarurukan ne aka sami kwal da tama da farar ƙasa kusa da juna, shi ya sa masana'antun narka ƙarfe suka jeru a can: Blaenavon a 1789, sai Ebbw Vale da Nantyglo da Tredegar. A Blaenavon ne a ƙarshen shekarun 1870 Sidney Gilchrist Thomas da ɗan'uwansa Percy Gilchrist suka gano yadda ake cire sinadarin fosfaras daga tama, abin da ya ba Jamus da Amurka damar amfani da tamar da a da ba ta da daraja. A shekarar 2000 UNESCO ta sa yankin Blaenavon cikin wuraren tarihi na duniya. In ka sami hutu ka je Big Pit, mahaƙar da aka rufe a 1980 ta zama gidan tarihi, ana sauka da mutum ƙarƙashin ƙasa. A 1801 mutanen lardin gaba ɗaya ba su kai 50,000 ba. A 1901 sun doshi 300,000, kuma kusan dukkan ƙarin a yamma da Newport ya sauka. Gabas ta ci gaba da nomanta kamar ba abin da ya faru.

Akwai yanki na uku da ba a cika ambato ba, fadamar bakin teku gabas da yamma da Newport. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya da ke ƙasa da inda ruwan teku ke kaiwa idan ya cika, sai katangar kare ruwa da ramukan magudana da aka fara haƙawa tun zamanin Rumawa. Cikowa da janyewar ruwa a bakin Severn yana cikin mafiya girma a duniya, yakan kai wajen mita 14, shi ya sa kake ganin kogin Usk da safe cike, da rana taɓo zalla. A watan Janairun 1607 ruwa ya haura ya cinye ƙauyukan fadamar, har yau akwai alamar inda ya kai a jikin cocin Goldcliff. Wannan fadamar ce, tare da tsadar aikin, ta sa gwamnatin Wales ta Mark Drakeford ta soke shirin sabuwar babbar hanyar da za ta kewaye Newport a 2019. Cunkoson motocin da kake sha a ramin Brynglas, inda babbar hanya ta ratsa ƙarƙashin tudu a Newport, gadon wannan hukunci ne.

Yanzu maganar Ingila. Kafin 1536 babu lardi a nan. Bayan Normawa, mayaƙa daga arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, sarki ya bar wa wasu manyan mayaƙansa bakin iyakar Wales, kowa ya ci abin da takobinsa ya ba shi, ya yi mulki da kotunsa da dokarsa, hukuncin sarkin Ingila bai cika shiga ba. An fara gina ganuwar Chepstow a 1067, shekara guda kacal bayan cin Ingila. A ganuwar Monmouth aka haifi Sarki Henry na Biyar. Tsohuwar masarautar Gwent ta mutanen Wales ta tarwatse ta zama ƙananan sarautu irin su Abergavenny da Usk da Caerleon da Chepstow da Newport. Henry na Takwas ne ya ga wannan tsari ya zama mafakar ɓarayi da masu kisa, mutum ya yi laifi a wannan sarauta ya tsallaka waccan. Dokar da majalisa ta zartar a 1536 ta rushe ikon sarakunan iyakar, ta harhaɗa ƙasashensu ta yi sababbin larduna biyar, ciki har da Monmouthshire.

Ruɗanin ya fito ne daga doka ta biyu, ta 1542. Ita ta kafa wa Wales babbar kotu ta musamman, ta raba larduna 12 gida huɗu, alƙalai na zagaya uku-uku. Larduna 13 ba sa rabuwa uku-uku, kuma Monmouthshire ce mafi kusa da Landan, sai aka bar ta a ƙarƙashin kotunan Ingila da ke Westminster a Landan. An kuma ba ta wakilan lardi biyu a majalisa kamar lardunan Ingila, alhali na Wales ɗaya-ɗaya suke da shi. A zamanin Charles na Biyu aka haɗa ta da zagayen alƙalan Oxford. Babu wata doka da ta taɓa cewa an ɗauke wannan ƙasa an ba Ingila, kuma ba a ga buƙatar hakan ba, tunda manufar dokokin Henry ita ce a haɗiye Wales ɗin baki ɗaya cikin tsarin Ingila. Tsarin zirga-zirgar alƙalai ne kawai, amma ya haifi gardamar shekara ɗari huɗu. Kotun Wales ɗin ma an soke ta a 1830, gardamar ba ta mutu ba.

Abin ya fara ciwo ne a ƙarni na 19, lokacin da majalisar Birtaniya ta fara yin dokokin da suka shafi Wales ita kaɗai, dole a san inda ta tsaya. Sai aka riƙa rubuta Wales da Monmouthshire, kamar abubuwa biyu. Dokar hana buɗe mashaya ranar Lahadi ta 1881 ba ta shafi lardin ba, har mashayan Cardiff suka riƙa tsallaka gadar kogin Rhymney zuwa ƙauyen Rumney su sha su dawo. Sai a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya aka shigar da shi, aka tabbatar a 1921. Dokar makarantun sakandare ta 1889 kuwa ta haɗa da shi, haka ma dokar 1914 da ta raba cocin Wales da gwamnati. Amma dokar ƙananan hukumomi ta 1933 ta jera lardin da birnin Newport a cikin jerin na Ingila. Idan maƙwabcinka haihuwar shekarun 1940 ne, ga hujjarsa nan. Sai dai ka tambaye shi wace ƙungiya yake goyon baya idan Wales da Ingila suna wasan rugby. Sunayen ƙauyukan lardin ma, da yawansu na harshen Welsh ne, kuma a kwarurukan yamma harshen ne mutane ke yi har cikin ƙarni na 19, kafin ma'aikata daga Somerset da Gloucestershire da Ireland su yi yawa.

Game da mulki, shekaru fiye da 300 alƙalan sulhu ne, wato masu gonaki da dukiya, ke tafiyar da lardin, an raba shi gundumomi shida: Abergavenny, Caldicot, Raglan, Skenfrith, Usk da Wentloog. Masu haƙar kwal da narka ƙarfe ba su da ƙuri'a. Ranar 4 ga Nuwamban 1839 dubbansu suka gangaro daga kwaruruka ƙarƙashin John Frost, tsohon magajin garin Newport, suna neman haƙƙin zaɓe. Sojoji suka buɗe wuta daga otal ɗin Westgate, aka kashe mutum wajen 22. Ka lura da inda aka yi wa Frost shari'a: a Monmouth, can gabas, garin masu gona. An yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi kora zuwa tsibirin Tasmania. Yamma ke da jama'a da aiki, gabas ke da kotu da sarauta, kuma wannan rashin daidaito ne ya bi tarihin lardin har ƙarshe.

Zaɓaɓɓiyar majalisar lardi ta fara aiki a 1889. Bayan shekara biyu, a 1891, Newport ta sami matsayin gari mai cin gashin kansa, ta fita daga ƙarƙashin majalisar lardin. Abin dariya, majalisar ta ci gaba da zama a Newport, a garin da ba ta da iko da shi, domin nan ne jiragen ƙasa na dukkan kwaruruka ke haɗuwa. A ƙarƙashin majalisar lardin akwai tarin ƙananan majalisu na garuruwa da na karkara, kusan kowane garin kwal da tasa. Daga irin waɗannan majalisu Aneurin Bevan na Tredegar ya fito, ya wakilci Ebbw Vale a majalisar Birtaniya daga 1929 zuwa 1960, ya kafa hukumar lafiya ta ƙasa a 1948, yana koyi da asusun jinya da ma'aikatan garinsu ke zubawa daga albashinsu.

Dokar ƙananan hukumomi ta 1972, wadda ta fara aiki a 1974, ta yi abu biyu a lokaci guda. Ta bayyana a fili cewa wannan ƙasa cikin Wales take, ta kuma rushe lardin ta kafa sabo mai suna Gwent, da Newport a ciki, da hedikwata a Cwmbran, sabon garin da aka tsara tun 1949. Iyakokin sun ɗan motsa: Brynmawr da Gilwern sun shigo daga Brecknockshire, St Mellons ta tafi Cardiff, gefen gabas na kwarin Rhymney ya koma sabon lardin Mid Glamorgan. Mulki ya zama hawa biyu. Majalisar Gwent na riƙe da makarantu da manyan hanyoyi da jin daɗin jama'a, gundumomi biyar kuma, Blaenau Gwent da Islwyn da Monmouth da Newport da Torfaen, na riƙe da gidaje da kwashe shara da ba da izinin gini. Mutane sun yi ta ƙorafin ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba.

Tsarin bai wuce shekara 22 ba. A 1996 gwamnatin Birtaniya ta John Major ta rushe hawa biyun, ta raba Wales zuwa ƙananan hukumomi 22, kowace na yin komai da kanta. Ƙasar tsohon lardin ta faɗa hannun biyar, in ka cire ɗan abin da Cardiff ta haɗiye: Newport, wadda ta zama birni a hukumance a 2002, mai mutum kusan 160,000 a ƙidayar 2021, Torfaen mai wajen 92,000, Blaenau Gwent mai wajen 67,000, Caerphilly, wadda rabinta tsohuwar Monmouthshire ce rabi Glamorgan, da sabuwar Monmouthshire mai wajen 93,000. Dubi taswira ka ga inda wuƙar ta bi: kusan daidai kan layin nan da ya raba jar ƙasa da ƙasar kwal. Gabas mai noma ta ɗauki sunan da fiye da rabin ƙasar, ta bar wa sauran mafi yawan jama'a. Majalisarta ma sai da ta yi shekaru tana zaman aro a Cwmbran, cikin Torfaen, kafin ta koma sabon ofishinta kusa da Usk a 2013.

Ra'ayina a kan gyaran 1996 shi ne an yi yankan ƙanana da yawa. Hukuma mai mutum 67,000, a yankin da masana'antar ƙarfensa ta Ebbw Vale ta rufe a 2002, an ɗora mata nauyin makarantu da kula da tsofaffi da marayu daidai da na Cardiff. Hujjata ita ce duk abin da ke buƙatar girma a kan shatar Gwent ya tsaya ko ya koma: 'yan sandan da kake gani na Gwent ne, suna aiki a hukumomin biyar, hukumar asibitocin da aka sa wa sunan Aneurin Bevan ita ma biyar ɗin take rufewa, da babban asibitinta na Grange kusa da Cwmbran da aka buɗe a 2020, wakilin sarki na bukukuwa na Gwent ne. Wani kwamiti a 2014 ya ba da shawarar a rage hukumomin Wales zuwa tsakanin 10 da 12, aka kai ruwa rana, shirin ya mutu. Ba wanda ke son a haɗa shi da maƙwabcin da ya fi shi bashi, ko wanda zai rinjaye shi da ƙuri'a.

Ƙuri'ar ce ma ke nuna tsagar a fili. Kwarurukan yamma gidan jam'iyyar Labour ne tun kaka da kakanni. Gabas kuwa ta daɗe tana karkata ga Conservative, har a 2017 Monmouthshire ce kaɗai majalisa a Wales da suke da rinjaye a cikinta, kafin su rasa ta a 2022. A ƙuri'ar raba gardama ta 1997 kan kafa majalisar Wales, wadda aka ci da kashi 50.3 cikin ɗari, kusan biyu cikin uku na masu zaɓen Monmouthshire sun ce a'a, Newport ma ta ƙi. A ta 2011, kan ƙara wa majalisar iko, Monmouthshire ce kaɗai cikin 22 ta ƙi, da ratar ƙuri'a 320. Ba abin mamaki ba ne ga mutanen da da yawansu ke aiki a Bristol, birnin Ingila da ke tsallaken Severn. Tun da aka cire kuɗin wucewa a gadojin Severn a Disambar 2018, mutanen Bristol suka ƙara kwararowa Chepstow da Caldicot neman gida mai sauƙi, farashi ya hau. Duk da haka kiran a mayar da yankin Ingila bai taɓa samun ƙuri'ar kirki ba. Masu jin harshen Welsh kaɗan ne, ƙasa da ɗaya cikin goma a sabuwar Monmouthshire da Newport, alhali a Wales gaba ɗaya kashi 17.8 ne a 2021, amma allunan hanya cikin harsuna biyu suke, kuma ana koyar da harshen a kowace makarantar gwamnati.

Yadda majalisar ke aiki ya bambanta da abin da ka saba gani a gida. Ba a zaɓen shugaban ƙaramar hukuma kai tsaye. Kansiloli ake zaɓa duk shekara biyar, 51 a Newport, 46 a Monmouthshire, su kuma su zaɓi jagora daga cikinsu, ya naɗa 'yan majalisar zartarwa. Magajin garin da kake gani da sarƙar zinariya a wuya na biki ne, shekara ɗaya yake yi. A ƙasa da su akwai majalisun garuruwa da ƙauyuka masu kula da filayen wasa da maƙabartu da ɗakunan taro. Mafi yawan kuɗin daga gwamnatin Wales da ke Cardiff yake zuwa, bisa lissafin da ke duba yawan jama'a da talauci da darajar gidaje, shi ya sa Monmouthshire ke kukan ita ce ke samun mafi ƙaranci a kan kowane mutum, Blaenau Gwent kuma ke kukan gidajenta masu arha ne, dole ta tsawwala haraji kafin ta tara abin kirki. Kowace da gaskiyarta.

Kai dai abin da ya shafe ka kai tsaye shi ne majalisar birnin Newport. Ita ke kwashe sharar gidanku, ita ke rajistar masu zaɓe, kuma kana da damar yin rajista: ɗan ƙasar rainon Ingila mai izinin zama yana zaɓe dama can, tun 2021 kuma Wales ta buɗe zaɓen ƙananan hukumominta ga duk baƙon da ke zaune bisa doka, daga shekara 16. A adireshi ba ka buƙatar rubuta Gwent ko Monmouthshire, sunan Newport da lambar gidan waya mai farawa da NP sun isa. Takardar harajin gidan da ka ambata kuma kada ka yi gaggawar biya. Gidan da dukkan mazaunansa ɗalibai ne masu cikakken karatu ba ya biyan wannan haraji. Ka karɓi takardar shaida daga jami'arku, kai da abokan zamanka, ku aika wa majalisar ta cire ku daga lissafi.